Tsohuwar A-Kori-Kura: A Gano Cuta Kafin A Sayi Magani

Zancen kimiyya na wannan mako a kan a-kori-kura ya ke, watau ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Kusan duk inda Hausawa suka yi zango ita ma ta yi. Ita ke shigo da albasa da doya kasuwannin Kumasi, ita ke jigilar buhunan dawa a Marwa da Garwa, ita ke ratsa rairayi tsakanin Injamena da Abashe, har a Ingila da Amurka ma magina da masu gyaran lambu ba su rabuwa da ita. Daga bayan mota guda mai ita ya kan ci da iyalinsa, direba ya ci, karen mota ya ci. Ran da ta kwanta kuwa, gidaje uku ne za su yi wahalar ɗora tukunya.

Yawancin waɗannan motoci sun kwana biyu. Kamfanin Peugeot na Faransa, wanda Hausawa ke kiran motarsa Fijo, ya fito da 404 a shekarar 1960, da 504 a 1968, aka kuma fara harhaɗa motocinsa a Kaduna a 1975. Toyota ta Japan ta fito da Hilux a 1968, da Land Cruiser samfurin 70 a 1984. A yaƙin Cadi da Libiya na 1987 sojojin Cadi sun yi aiki da irinsu ƙwarai, har masu ba da labari suka riƙa kiran yaƙin da sunan Toyota. Da yawa daga cikin motocin waɗancan shekaru suna kan hanya har wa yau, wasu sun ba shekara talatin baya, wasu arba'in.

To, in irin wannan mota ta tsaya, abin da a kan fara cewa shi ne, "Ai tsufa ne." Magana ce mai daɗin faɗi, gama ba ta ɗora wa kowa laifi, amma galibi ba gaskiya ba ce. Abin da ya fi kashe tsohuwar mota shi ne gyaran lalube. Mai mota ya kai ta gareji ya ce tana rawa, tana mutuwa in an saki totur. Kafin ya rufe baki an ce ya sayo fulogi. An sa, ba ta bari ba. An ce ya sayo kwayil. Sa'an nan a kwance kafireto a wanke, a mayar. Bayan kwana uku da kuɗi masu yawa sai a tarar ashe wani ɗan tiyo ne ya tsage, inji yana zuƙar iska ta inda bai kamata ba. An bar jaki an yi ta dukan taiki. Likitan da ya ke ba da magani kafin ya auna majiyyaci ba wanda zai koma wurinsa, amma ga shi a kan yarda da haka a wurin gyaran mota kullum.

Alhali kuwa inji ba abu ne mai ɓoye cutarsa ba. Tun da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera injinsa mai bugu huɗu a 1876, ka'idar ba ta sāke ba. Fistan ya sauka ya zuƙi mai da iska, ya hau ya matse su, wuta ta kama su ta turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Sabo da haka abu huɗu kaɗai injin fetur ke bukata: mai, da iska, da matsi, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa. Injin dizal, wanda Rudolf Diesel ya tayar a 1897, ba ya ma bukatar tartsatsi. Matse iska ya ke yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa in an fesa shi. Duk motar da ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin waɗannan ne ya ɓace, kuma kowanne akwai hanyar gwada shi ba tare da an sayi kome ba.

Alal misali, direba ya murɗa makulli ya ji "ƙas" sau ɗaya, inji bai juya ba, fitilu suka dushe. Nan da nan sai a ce batir ya mutu. Kafin a yi cinikin sabo ya kamata a dubi kawunan batir ɗin, gama farin garin nan da ke taruwa a kansu ya kan hana wuta wucewa, haka nan wayar da ke haɗa batir da jikin mota in ta yi tsatsa. Cikakken batir ya kan nuna bolt 12.6 a ma'auni. In inji na aiki kuwa ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ba a ga haka ba, dinamo ne ba ya cika shi, ko fambel ya yi sako-sako, kuma sabon batir ma cikin 'yan kwanaki zai bi sawun tsohon. Ma'aunin da zai nuna wannan duka bai kai kuɗin batir guda ba.

Hayaƙi ma mai ba da labari ne. Baƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi yana nufin baƙin mai ne ke ƙonewa tare da fetur, watau zoben fistan ko robobin bawul sun cinye. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, a injin fetur, yana nufin ruwa ya shiga inda wuta ta ke. Tsofaffin makanikai sun san wannan sarai, kuma akwai a cikinsu wanda zai ɗora dogon ƙarfe a jikin inji, ya kara kunnensa, ya faɗi wurin da ƙwanƙwasa ke fitowa bai kuskure ba. Wannan ilmi ne na haƙiƙa, ba a raina shi. A unguwar Suwame ta Kumasi, inda dubban makanikai da maƙera suka taru wuri guda, a kan rayad da injin da a Turai tuni an jefar. Abin da a ke kuka da shi shi ne waɗansu al'adu da suka shiga sana'ar aka gaje su ba tare da bincike ba.

Ta farko ita ce wasa da matatar iska. Domin a ƙona lita guda ta fetur sosai, inji yana bukatar iska wajen lita 9,000. Mai sauraro ya tuna da irin iskar hunturu, wadda ke ɗauko ƙura tun daga kwarin Bodele na arewacin Cadi ta baza ta har bakin teku, ya kuma tuna da hanyar ƙauye in mota na bin bayan mota. Matata ta toshe, mota ta rasa ƙarfi ta fara baƙin hayaƙi, sai wani ya cire matatar ɗungum, ko ya huda ta da ƙusa. Nan take motar ta yi ƙarfi, kowa ya yi murna. Amma ƙurar nan gutsattsarin dutse ce, in ta haɗu da baƙin mai sai ta zama abin wāshi, ta yi ta cin zobe da bangon silinda. Wata shida ko shekara sai ga shuɗin hayaƙi, a ce tsufa ne.

Al'ada ta biyu ta fi wannan yaɗuwa, ta kuma fi ta samun masu kāre ta, sabo da haka tilas a tsaya a kanta. Ita ce cire tamostat.

Daga cikin ƙarfin da ke cikin mai, ƙasa da sulusi ne ke tura mota. Wajen sulusi yana fita ta salansa, saura kuma ruwa ne ke ɗauke shi ya kai lagireto iska ta sha. Tamostat wata 'yar ƙofa ce a kan hanyar ruwan nan. Sa'ad da inji ke da sanyi tana rufe, domin ya yi ɗumi da sauri. In zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Santigired sai ta buɗe da kanta. Makanikai da yawa a ƙasashen zafi su kan ce wannan kayan ƙasar Turawa ne, an yi shi domin ƙanƙara, a nan ba ya da amfani sai hana ruwa gudu. Wasu ma da mota ta iso hannunsu shi su ke fara cirewa.

A ba su gaskiyarsu inda su ke da ita. Tamostat ya kan maƙale a rufe in ya tsufa, kuma in haka ta faru inji zai tafasa cikin 'yan mintoci. Direban da abin ya same shi a tsakiyar daji, in ya cire shi domin ya isa gari, ya yi daidai. Kuskuren shi ne a bar motar haka har abada. Dalili kuwa, inji an yi shi ne ya yi aiki da zafi, ba da sanyi ba. In ya daɗe bai yi ɗumi ba, fetur ba ya ƙonewa duka, sai ya gangara ta bangon silinda ya wanke baƙin man da ke kāre shi. Tururin da ƙonewa ke haifarwa kuma ya koma ruwa ya gauraya da baƙin mai ya zama dagwalo. Motar ta fi shan mai, ta kuma fi saurin cinyewa. Wanda ya taɓa kwana a Agadas ko Abashe ko Ngaundare a tsakiyar hunturu ya san asubahin can ba wasa ba ne. Bugu da ƙari, a injuna da yawa tamostat aiki biyu ya ke yi: sa'ad da ya buɗe hanyar lagireto, sai ya toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. In babu shi wannan hanya a buɗe ta ke kullum, wani kashi na ruwan ya yi ta kewaya bai je lagireto ba, har inji ya fi dā zafi a kan hawa. Gwada shi kuwa ba ya bukatar kome sai tukunya da murhu. A jefa shi cikin ruwa a ɗora a wuta; in ya buɗe kafin ruwan ya tafasa lafiyarsa ƙalau, in bai buɗe ba a sayi wani.

Galibi ma in mota na zafi ba shi ne mai laifi ba. Mai laifin sau da yawa ruwan rijiya ne. Yana ɗauke da gishiri da farar ƙasa, irin wadda ke daskarewa a cikin butar shayi, ita ce ke toshe siraran hanyoyin lagireto. Yana kuma kawo tsatsa, balle a inji irin na Fijo 504 wanda kansa na alminiyam ne, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe. Koren ruwan nan ko ja da a ke sayarwa domin lagireto mutanen Ingila da Amurka sun san shi da hana ruwa daskarewa, gama in an gauraya rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 35 ƙasa da sifiri. Amma yana kuma ɗauke da maganin tsatsa, sabo da haka na Makka da na Khartum ma suna bukatarsa. Sai dai guba ne, ga shi da zaƙi, a ɓoye shi daga yara da dabbobi. Sa'an nan ga murfin lagireto, wanda kowa ke rainawa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana riƙe matsi har ruwan ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Wanda ya toshe bakin lagiretonsa da tsumma ko murfin da robarsa ta mutu ya zubad da digiri ashirin a banza. Bayan waɗannan sai a dubi fambel, da famfon ruwa, da ƙaiƙayi da ƙwarin da suka manne a gaban lagireto.

In kuwa ta riga ta tafasa, kada a buɗe murfi da zafi, gama tururin ya kan sāɓule fatar fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, kai ya kan tsage ko ya lanƙwashe. A bari ya huce. In daga baya aka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto sa'ad da inji ke aiki, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, to gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Sa sabon gaskit ba tare da an auna kan an ga ko ya miƙe ba, ba tare da an gano abin da ya kawo zafin tun farko ba, aikin banza ne. Mako uku za a dawo.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan hasarar dukiya ce. Al'ada ta uku kuwa rai ta ke ci. An ƙera waɗannan motoci domin kaya wajen tan guda. Ba wanda bai taɓa ganin a-kori-kura ɗauke da ninki biyu ko uku na haka ba, ga mutane zaune a bisa buhuna. Da baya ya zauna sai a je a ƙara sifirin, motar ta miƙe, mai ita ya ɗauka ya warware matsala. Sifirin ya ɓoye nauyin ne daga ido kawai. Birki bai ƙaru ba, taya ba ta ƙaru ba, shasi bai ƙaru ba. Aikin birki shi ne mai da gudu ya zama zafi: in nauyi ya ninka, zafin ya ninka, in gudu ya ninka kuwa, zafin ya ninka har sau huɗu.

A nan ne man birki ya shigo. Bafaranshen nan Blaise Pascal ya nuna tun ƙarni na 17 cewa in an danna ruwa a cikin rufaffen bututu, matsin yana isa ko'ina daidai. Da wannan ka'ida ƙafar direba ke tsai da mota, domin ruwa ba ya matsuwa. Iska da tururi kuwa suna matsuwa. Sabo da haka birkin da ya yi laushi, sai an taka sau biyu ko uku kafin ya kama, iska ce ta shiga bututu ko mai na yoyo, kuma wannan mota ba ta cancanci ta fita ƙofar gareji ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne man birki yana shan laima daga iska a hankali. Sabo, irin wanda a ke rubuta wa DOT 3, ba ya tafasa sai ya haura digiri 205. In ya sha ruwa ƙasa da kashi 4 cikin ɗari, sai iyakarsa ta sauko wajen 140. A cikin gari ba za a ga bambanci ba. Amma a doguwar gangara, da kaya, direba na ta taka birki maimakon ya sa ƙaramar giya, man sai ya tafasa ya zama tururi, ƙafa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Bayan an yi hatsari, in mota ta huce, a taka birki a tarar yana aiki, sai a rasa bayani. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya man birki duk shekara biyu. Masu zuba ruwan sabulu a madadinsa kuwa, ko su murƙushe bututun ƙafa guda domin yana yoyo su ci gaba da tafiya da uku, caca su ke yi da rayukan waɗanda ke zaune a bisa buhunan nan, waɗanda ba a shawarce su ba. A Ingila tun 1960 doka ta tilasta a riƙa kai tsofaffin motoci ana duba birkinsu da sitiyari da fitilu. Inda babu mai tilastawa da gaske, ba abin da ya rage sai tsoron Allah na mai mota.

Wani zai ce ai zamani ya kawo sauƙi, yanzu kwamfuta ke faɗin cuta. Gaskiya ne tun 1996 ƙananan motocin da a ke sayarwa a Amurka suna da wata kafa da a ke jona na'ura ta karanto lambar matsala, Turai ma ta biyo baya, kuma waɗannan motoci su ma yanzu sun shiga sahun tsofaffi. Amma na'urar alama ta ke nunawa, kamar yadda ma'aunin zazzaɓi ke nuna zafin jiki bai ce sauro ne ko ruwan sha ba. In ta ce iska ta yi yawa a cikin mai, sai wani ya ruga ya sayi sabon abin aunawa, alhali tsohon gaskiya ya faɗa, tiyo ne ya tsage. Mai lalube da kwamfuta mai lalube ne har yanzu, sai dai kuɗinsa ya fi yawa.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora wa makanike laifin nan shi kaɗai. A garejin bakin hanya ba a biyan kuɗin bincike. In makanike ya ɓata sa'a biyu yana aunawa, ya gano waya ce ta kwance, ya ɗaure ta cikin minti guda, mai mota sai ya ce, "To, me ka yi?" ya miƙa masa kuɗin goro. In kuwa ya kwance rabin inji ya sa an sayo kaya, an biya shi da daɗin rai. Wanda a ke biya domin sauya kaya, kaya zai sauya. Ya kamata masu mota su soma biyan makanike domin abin da ya gano, su kuma tambaye shi kafin su ciro kuɗi: "Malam, ta yaya ka san wannan ne ya lalace?" Gwani zai nuna, ya ce ga ma'auni, ga launin fulogi, ga inda ya ke yoyo. Wanda ya ce a dai gwada a gani, da aljihun wani ya ke gwaji. Ya kamata kuma ƙungiyoyin makanikai, waɗanda ke yaye yara bayan shekarun koyo, su sa ma'aunin lantarki da ma'aunin matsin silinda cikin kayan da ba a yaye yaro sai ya iya aiki da su, kamar yadda ba a yaye shi bai san sufana ba.

Shi kuma mai mota akwai aiki guda da ba mai yi masa, watau ajiye ɗan littafi a cikin mota, ya riƙa rubuta ranar da aka sauya baƙin mai, da matata, da man birki, da adadin kilomitar da mota ta yi a lokacin. Akwai abin da kunne ba ya ji, hayaƙi kuma ba ya nunawa. Tsofaffin injunan dizal na Hilux da Land Cruiser da yawa suna da wani bel mai haƙora a ɓoye a gaban inji, shi ke daidaita motsin bawul da na fistan. Galibi a kan ce a sauya shi bayan kilomita 100,000. Ba ya kuka, ba ya rawa. Ran da ya tsinke fistan ya kan daki bawul, aikin rabin yini ya koma na sauke kan inji duka. Wanda ya sayi tsohuwar mota bai san yaushe aka sauya wannan bel ba, ya sauya shi a makon farko, ya rubuta.